Shekarar Iri Mai Aure

Na sha jin ku, ku da 'ya'yan ƙanina, kuna cewa kamfanin Turawa ne ya karya kakanku Malam Sule. Ban san wanda ya fara gaya muku haka ba, amma na san wanda ya bar maganar ta zauna har ta yi saiwa. Ni ne. Ranar da 'yata Sadiya ta shigo da takardar ɗaukar aiki daga wani babban kamfani tana neman shawarata, yayanta Aminu ya yi caraf ya ce, "Irin waɗanda suka cuci Malam?" Na sunkuyar da kai, na ce mata ta je ta yi istihara. Abin da zan rubuta a nan shi ne amsar da na kasa ba ta a ranar.

Na sami aiki a kamfanin da kuke zargi ne a shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Kura. Kamfanin na iri ne da maganin feshi, hedikwatarsa tana can ƙetaren teku, yana da ofis a Legas da wani ƙarami a Kano. Suna neman yaran ƙauye da suka san gona kuma suke iya karanta Turanci ko da da ƙyar ne. Sakandare kawai na yi, ita ma ban fita da sakamakon kirki ba, amma da aka tambaye ni kwana nawa tumatir ke yi a reno kafin dashe, na ba da amsa tun kafin mai tambayar ya rufe baki. Aka ba ni babur, da waya, da riga mai tambari a ƙirji, da wani ɗan kati na asibiti mai sunana da na mahaifiyarku Binta. Tun daga ranar sunana ya koma Idi Kamfani, daga ƙauyenmu har kasuwar Bunkure.

Ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Albashi ba ya ketare ranarsa. Ba a taɓa cewa in kai wa wani goro kafin a duba takardata ba. A can na koyi cewa mai feshi sai ya rufe hanci da hannu, kuma ba a wanke kwanon magani a kanal ɗin da mata ke ɗiban ruwa, abin da muka yi shekaru muna yi ba mu sani ba. A can na koyi zuwa wuri a kan lokaci. Ogana, Oga Dauda, mutum ne mai faɗa amma ba ya wulaƙanci, idan ka yi kuskure zai kira ka gefe ne. Sai dai aikin yana da wani abu da ban gane nauyinsa ba sai da na shiga. Kowane wata akwai adadin manoman da ake so ka shigar. Oga Dauda ba shi ya yanka adadin ba, na Legas ne ya aiko masa, shi ma na Legas wani ne can ƙetare ya aiko masa, wanda bai taɓa jin sunan Bunkure ba. Duk safiyar Litinin waya za ta yi ƙara a aljihuna, ana tambayar inda adadina ya kai. A shekarar farko na rasa jana'izar kawuna saboda taro a Kano, na rasa bikin sunan ɗan ƙanina. Sannu a hankali na fara kallon mutanen da na tashi a gabansu, in suna tafe a kan hanyar gona, ina lissafa wa zai shiga wa ba zai shiga ba.

Yanzu sai in gaya muku ko wane ne kakanku, don ku kun same shi ne ya tsufa ya yi shiru. Malam Sule Mai Iri ake ce masa. Tun lokacin da aka haƙa kanal ruwa ya iso gonakinmu, yana da wani irin tumatir da yake ajiyewa. Ba shi da girma sosai, amma fatarsa na da kauri, yana jure tafiya a kwando, kuma ba ya saurin laushi in ruwa ya yi jinkiri. Duk ƙarshen rani zai zaga gona da kansa ya zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau, ya bar su su nuna sosai, ya matse a ƙwarya, ya wanke, ya cuɗa da toka, ya shanya a inuwar zaure a kan wani tsohon zanin Inna. In ya bushe sai ya ɗura a wata gora mai bakin fata, ya rataye a ɗakinsa. Lokacin reno, mutane za su yi ta sallama. Ba ya sayarwa. Zai zuba wa mutum a tafin hannu ko a ƙullin takarda, sannan ya ce,

"To, ka riƙe mini."

Kowa dariya yake yi, don an ɗauka barkwancinsa ne. Ba wanda yake riƙe komai. Me zai sa ka wahala da matsar iri alhali Malam Sule na nan? Shekara ta zagayo sai ka koma zaurensa.

Da kamfani ya kawo sabon irin tumatir, aka tara mu a Kano aka yi mana bita ta kwana uku. Wata mata ce ta koyar da mu, ta zana a allo ta maimaita har sau uku. Ta ce wannan iri an haɗa shi ne daga iyaye biyu daban, shi ya sa manoma ke ce wa irinsa mai aure. Shekarar farko zai yi abin mamaki. Amma idan aka matse 'ya'yansa aka sake shukawa, ba za su yi kama da shi ba, kowanne zai ɗauko wani kakansa daban, wani ƙanana, wani ruwa-ruwa, wani cuta ta kwashe. Dole kowace shekara a ɗauki sabo. Ta ce, "Wannan shi ne abu na farko da za ku gaya wa manomi, kafin ma ku buɗe leda." A jikin ledar ma an rubuta, da Turanci. Na ji, na rubuta a littafina, na ja layi a ƙarƙashi. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku ban sani ba.

Na dawo na zaga ƙauye sati biyu, ba wanda ya karɓa. Duk wanda na tara sai ya ce, "Malam ya shuka?" Lokacin Binta tana da cikin Sadiya wata biyar, ƙafafunta sun kumbura, likitan asibitin da katin ke kai mu ya ce haihuwar sai an sa ido. Oga Dauda kuma ya gaya mini, cikin tausayi, cewa waɗanda ba su cika adadi ba a wannan ranin ba za a sabunta musu takardar aiki ba. Idan takarda ta tafi, kati ya tafi. Da wannan a raina na shiga zauren Baba wata yamma bayan la'asar, na durƙusa, na ajiye ledar a gabansa.

Ya juya ta, ya duba hoton tumatirin da ke jiki, ya ce, "Wannan ja haka, ko fenti suka shafa masa?"

Na ce, "Haka yake fitowa, Baba. Kwando biyu ne inda naka ke ba da ɗaya."

"Me ake ce masa?"

"Mai aure."

Baba ya yi dariya har da buga cinya. Ya ɗaga murya ya kira Inna daga tsakar gida, "Zo ki ji, ashe duk shekarun nan tuzuru nake ajiye a gora!" Inna ta leƙo ta ce in dai tuzuru ne to ya fi wasu masu auren tara iyali. Baba ya share hawayen dariya, ya sake ɗaukar ledar, ya ce,

"To madalla. Ai mai aure shi ne da haihuwa. Wannan 'ya'yansa sai sun ishi garin nan har jikoki."

A nan ne ya kamata in yi magana. Kalma goma ta isa. Na buɗe baki, sai na hango abin da zai biyo baya: zai ajiye ledar a hankali ya ce shi ba ya shuka abin da ba zai iya ajiyewa ba, kuma in ya ce haka, gari ya ce. Sai na taya shi dariya. Abin da na yi ke nan, 'ya'yana. Ban yi ƙarya da baki ba a ranar, dariya na yi, kuma ta fi ƙarya muni domin da ita ya dogara.

Ya shuka a gonarsa ta bakin hanya, inda kowa ke wucewa. Ba a taɓa ganin tumatir irin na wannan shekarar ba. Masu motocin kudu suna tsayawa tun daga titin Zariya suna tambayar gonar waye. Mutum goma sha suka bi bayansa a ranin, na cika adadi har na wuce. A cikin wannan ranin aka haifi Sadiya, da tiyata, bayan Binta ta kwana biyu tana naƙuda. Likitan ya ce da a gida aka tsaya da an rasa su duka biyun. Katin nan ne ya buɗe mana ƙofa, ba a tambaye mu komai ba. Sadiya, in kin karanta wannan, ki sani ranki da na mahaifiyarki Allah ya tsare su ne ta hanyar aikin kamfanin nan. Ba zan taɓa zagin wurin ba. Kuma wannan ne ya sa al'amarin ya yi mini wuyar warwarewa har yau, don da na faɗi gaskiya a zaure ban san inda za mu kasance ba. Amma bayan an sallamo ku, ba ni da sauran hujja, kuma ban faɗa ba.

Ƙarshen rani na dawo daga aiki na tarar da zanin Inna a shimfiɗe a zaure, iri a baje cikin toka. Baba yana zaune yana kore kaji. Ya nuna mini da sanda, fuskarsa cike da murna, ya ce ya zaɓi manya-manyan ne kawai. Na tambaye shi ina tsohon irin. Ya ce gora ɗaya gare shi, kuma ba a haɗa ango da tuzuru ɗaki ɗaya, ya juye ragowar a bayan gida kaji sun yi buki. Na ce a raina gobe zan gaya masa. Gobe ta yi aka tura ni kwas Ibadan. Da na dawo na ce bari a gama azumi. Na riƙa rarrashin kaina cewa wataƙila matar nan ta ƙara gishiri ne don a riƙa sayen kayansu, wataƙila ƙasarmu daban ce.

Mutum ɗaya ne ya tare ni. Baba Bitrus, wanda ya zo daga wajen Filato tun zamanin haƙar kanal yana leburanci, ya zauna, ya sami 'yar gona a can ƙarshen kanal inda ruwa ke isa a makare. Abokin Baba ne na shekaru, duk sallah sai an kai masa tuwo, duk Kirsimeti sai matarsa ta aiko mana da shinkafa. Shi kam ya ƙi karɓar sabon irin ƙememe, har na ji haushinsa na daina tsayawa gaishe shi. Wata rana ya tsayar da babur ɗina a kan gadar kanal, ya ce,

"Idi, na ga abin da Malam ya shanya. Na karanta bayan ledar nan taku. Ka gaya masa?"

Na ce, "Na gaya masa, Baba. Ya ce zai gwada ne kawai."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, tunda ka gaya masa." Ya matsa ya ba ni hanya.

Lokacin reno ya zo, zaure ya cika fiye da kowace shekara. Har daga Garun Malam aka zo. Baba yana zuba wa kowa a tafin hannu yana cewa a riƙe masa. Oga Dauda ya kira ni yana mamakin yadda ƙauyen da ya fi kowanne cin moriyar irin bai ɗauki ko leda ɗaya ba bana. Na ce masa damina ce ba ta yi kyau ba, mutane ba su da hali.

Reno ya tsiro lafiya, aka yi dashe, har na fara samun barci. Sai da ya fara 'ya'ya abin ya bayyana. A kunya ɗaya za ka ga wani dogo, wani gajere, wani 'ya'yansa kamar na gauta, wani manya amma kana taɓawa ya fashe. Rabi ganyen ya nannaɗe ya ƙone. Masu motoci suka zo suka taɓa kwando biyu suka wuce gaba. Gidaje sama da ashirin ranin shekarar ya tafi a banza, bayan taki da feshi da kwanakin ban ruwa. Akwai wanda ya ɗaga bikin ɗansa, akwai wanda ya sayar da tumakin matarsa. Ba wanda ya zagi Baba a fuska. Abin da suka yi ya fi zagi ciwo, in ya fito masallaci sai a gaishe shi a gajarce a wuce. Wata rana na ji wani yana cewa a bayansa, "Tsufa ne, idonsa ya daina zaɓe." Baba ya ji. Daga ranar ya daina zama a zaure bayan la'asar. Inna ta ce mini yana sauke gorar ya zuba irin a hannu yana dubawa, yana cewa, "Ina na yi kuskure? Ko tokar ce?"

Wannan tambayar ce ta karya ni. Asarar mutane na iya jurewa, Allah ya yafe mini, amma ganin tsohon nan yana tuhumar hannunsa ban iya ba. Da safe na same shi a gona, ranar da ake sako mana ruwan kanal ce, yana tsaye da fartanya yana buɗe wa kunya ruwa duk da ba abin da za a ceta. Na cire takalmi na durƙusa a cikin taɓo da rigar kamfani a jikina. Na gaya masa komai, bitar Kano, layin da na ja a littafi, dariyar zaure, da ƙaryar da na yi wa Baba Bitrus a kan gada. Bai katse ni ba. Ruwa ya cika kunyar ya fara malala, ya sa fartanya ya toshe, sannan ya ce,

"Ashe ba hannuna ba ne."

Na ce, "Ba hannunka ba ne, Baba."

Ya sauke numfashi, wallahi kamar wanda aka sauke wa buhu. Sannan ya ce, "Da ka gaya mini saboda Binta ne, da na shuka maka shi a gonar bakin hanya, in bar nawa a ta baya. Me ya sa ka zaci sai ka rufe mini ido zan taimake ka?"



Na ce zan bi gida-gida in faɗa wa mutane laifina ne. Ya ce a'a. Ya ce shi ya zuba musu a hannu, shi zai je, ni dai in kai shi a babur. Ya ce ni yaro ne mai iyali, in gari ya sa mini sunan maƙaryaci ba zan ƙara cin abinci a cikinsa ba, shi kuwa ya riga ya ci nasa. Kwana uku muna zagaye. A kowace ƙofa zai sauka, ya cire hula, ya ce, "Na ba ku abin da ban sani ba, ku yafe mini." Ina riƙe da babur ina kallon ƙasa. Mutane da kansu suka ce ai kamfani ne, Turawa ba sa kawo abin da zai zauna. Maganar ta yi wa kowa daɗi, ta fi yi mini. Ita ce kuka gada.

Gidan ƙarshe na Baba Bitrus ne, duk da shi bai yi asarar komai ba. Baba ya ce ya yi kewarsa ne kawai. Muka same shi a 'yar gonarsa ta ƙarshen kanal. Tun daga nesa na ga Baba ya ƙura wa kunyoyin ido. Ya sauka tun ban gama tsayawa ba, ya tsuguna, ya tsinki ɗaya, ya murza fatar da babban yatsa. Ƙarami ne, mai kauri. 

"Bitrus, wannan fa?"

"Tuzurunka ne, Malam."

Baba Bitrus ya shiga bukka ya fito da wata kwalbar magani mai ruwan ƙasa, an toshe bakinta da tsumma, cike da iri cikin toka. Ya kama hannun Baba ya buɗe tafin, ya zuba masa, ya ce,

"Shekara ashirin da wani abu kana ce mini in riƙe maka. Ni ban san wasa kake yi ba."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Baba Bitrus ya dube ni ta saman kan Baba sau ɗaya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji ya gaya wa kowa maganar gada ba.

Na ci gaba da aikin shekara biyar bayan haka, kuma ban ƙara buɗe leda a gaban manomi ba sai na gaya masa abin da matar nan ta ce a fara faɗa. Wasu sun saya duk da haka, sun kuma ci riba, don irin ba shi da laifi in an san halinsa. Adadina bai ƙara kai na shekarar farko ba. Daga baya wata takarda ta zo daga Legas cewa an rufe sashenmu, aka karɓi babur da kati cikin ladabi, aka ba mu haƙƙinmu cif. Oga Dauda ma a takarda ɗaya muka tafi. Zauren Baba kuwa bai sake cika kamar da ba. Mutane sun yafe, amma ƙafarsu ta saba da shagon iri. Shiru ɗin da kuka san shi da shi daga nan ya fara.

Sadiya, ki karɓi aikin in ranki ya kwanta. Za su koya miki abubuwa, za su biya ki a kan lokaci, wata rana ma su ceci wani naki. Za su kuma ba ki adadi, kuma wanda ya yanka shi bai san sunan kowa a gidan nan ba. Ke kika sani. Ranar da adadin ya zo daidai da fuskar wani da ya yarda da ke, kada ki yi dariya, ki faɗa masa.

Gorar tana ɗakin mahaifiyarku, a bayan ƙofa. Bara ma na sabunta ta daga kunya huɗun da nake shukawa a gonar baya. Idona ya fara rauni wajen zaɓe. In kun zo hutun ƙarshen rani, kowa ya kawo 'yar kwalba, zan zuba muku. Ku riƙe mini, kuma ba wasa nake yi ba.